Kurumtar Gado: Yadda Rashin Ji Ke Bin Jini a Cikin Iyali

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai abubuwan da ke bin jini. Manomi a ƙasar Makoɗa ba ya buƙatar a karantar da shi wannan, domin duk kaka yakan ware zangarniyar dawa ko ta gero wadda ta fi cika, ya adana ta a matsayin iri, ya kuwa san abin da ya shuka shi zai girba. Haka abin yake ga mutane. Akan dubi yaro a ce ya ɗebo tsawon kakansa ko hancin gwaggonsa, kuma akan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Inda sanin nan yake tsayawa shi ne lokacin da abin da ya fito bai yi kama da abin da ake gani ga iyaye ba. Miji yana ji, mata tana ji, kakanni huɗu duk suna ji, sai ga ɗa an haifa ba ya ji, bayan shekara uku ko huɗu kuma a sake samun ƙanensa haka. A nan ne zato yake shigowa. Wasu su ce iska ce ta shafe shi, wasu su ce sammu ne ko bakin mutane, sau da yawa kuma laifin ya faɗa kan uwa, a ce daga danginta abin ya fito ko kuma tana da farar ƙafa.

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda kurumta ke bin zuriya, da dalilin da ya sa take iya ɓoyewa shekara da shekaru kafin ta bayyana. Ɗalibi yana iya tambayar abin da ya haɗa malamin Hausa da wannan batu. Amsar ita ce kayan aikin malamin harshe kunne ne da baki. A ƙananan azuzuwan firamare, shi ne yake fara lura da yaron da ba ya amsa kira ko ba ya iya bambance sautin /k/ da /ƙ/, kuma a ƙauye sau da yawa shi ne mutum na farko da iyaye za su nemi shawararsa.

2.0 Yadda Kunne Ke Ji

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje wanda ke tattara sauti ya tura shi cikin rami har ya bugi dodon kunne. Akwai na tsakiya inda wasu ƙananan ƙasusuwa uku suke karɓar girgizar su miƙa ta gaba, ɗaya daga cikinsu ma shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Sai na ciki, wanda ya ƙunshi wani bututu naɗaɗɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin 16,000 a kowane kunne. Idan ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayoyin su mayar da motsin saƙo, jijiyar ji ta kai shi ƙwaƙwalwa.

Akasarin kurumtar gado a cikin katantanwar nan take, shi ya sa idan aka leƙa kunnen yaron ba a ganin komai, babu ruwa babu miki. Kuma waɗannan ƙwayoyi masu gashi, idan suka mutu, ba sa sake tsirowa a jikin mutum.

3.0 Ba Kowace Kurumta Ce ta Gado Ba

Kafin a shiga batun gado, wajibi ne a ware shi daga sauran dalilai, domin a ƙasarmu cututtuka suna da babban kaso. Sanƙarau na kan gaba. A annobar 1996 an lissafa mutane fiye da 100,000 da suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, Kano kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi sun tashi ba sa ji. Haka nan ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa, da shawarar da ke kama jariri a makon farko idan ta yi tsanani, da doguwar naƙuda wadda ke hana jariri samun iska, da ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda aka bari ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin jin yara daga dalilan da ake iya karewa yake.

Wanda ya kurumce ta dalilin sanƙarau ba ya gadar wa 'ya'yansa kurumta, kamar yadda wanda ya rasa yatsa a wurin sassaka ba ya haifar ɗa mai yatsu tara. Wannan magana tana da muhimmanci, domin akwai 'yan mata da samarin da ake guje wa aurensu saboda tsoron abin da ba ya cikin jininsu.

A ƙasashen da rigakafi ya rage cututtuka, ana samun jariri ɗaya zuwa biyu a cikin dubu da ake haifa da kurumta, kuma fiye da rabinsu ta gado ce. Ke nan yayin da rigakafin ƙyanda da na sanƙarau suke ƙara yaɗuwa a wurinmu, kason gado a cikin yaran da ba sa ji zai riƙa ƙaruwa.

4.0 Ƙwayoyin Gado

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ɗaya akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, jere biyu-biyu, wato tagwaye 23. Rabi daga uba suke, rabi daga uwa, babu wanda ya fi wani ba da kaso. A jikin zarurrukan nan ne ake samun abin da za mu kira ƙwayoyin gado, kimanin 20,000, kowace tana ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani abu a jiki. Tun da zarurrukan tagwaye ne, kusan kowace ƙwayar gado kwafi biyu mutum yake da ita, ɗaya ta wajen uba, ɗaya ta wajen uwa.

Wani lokaci akan sami kuskure a cikin umarnin, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu zai tsallake harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa kuma ya ɗauki kuskuren ya wuce da shi. Kunnen ciki abu ne mai sassa da yawa, saboda haka ƙwayoyin gado masu yawa ne suke aikin gina shi. Zuwa yanzu masana sun gano fiye da 120 waɗanda kuskure a cikin ɗayarsu kaɗai kan haifar da kurumta ba tare da wata larura a sauran jiki ba. Wannan nau'i shi ne kimanin kashi 70 cikin ɗari na kurumtar gado. Sauran kashi 30 kuwa kurumtar tana zuwa tare da wata alama a ido ko fata ko ƙoda ko wani sashe.

4.1 Gado Mai Ɓuya

Wannan shi ne mafi yawa, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na kurumtar gadon da ba ta tare da wata larura ta wannan hanya take zuwa, kuma shi ne yake rikita mutane. Ƙa'idarsa ita ce kurumta ba ta bayyana sai kwafin biyu duka sun kasance da kuskure. Wanda yake da kwafi ɗaya mai kuskure, ɗaya lafiyayye, yana ji sarai, domin lafiyayyen ya isa ya yi aikin. Irin wannan mutum yana ɗauke da abin ne kawai, bai sani ba, babu kuma wanda zai gane ta hanyar dubansa.

Mutanenmu sun riga sun san wannan tsari ta hanyar cutar sikila, wato amosanin jini. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri mai AS ana iya samun SS a cikin 'ya'yansu. Lissafin ɗaya ne. Idan miji da mata duk suna ɗauke da kuskure a ƙwayar gado iri ɗaya, to a kowane ciki akwai hanyoyi huɗu masu daidaiton yiwuwa. A hanya ɗaya ɗan zai ɗauki lafiyayyen kwafi daga kowane ɓangare. A hanya biyu zai ɗauki lafiyayye ɗaya da mai kuskure ɗaya, ya zama mai ji kamar iyayensa amma yana ɗauke da abin. A hanya ɗaya kuma zai ɗauki mai kuskure daga uba da mai kuskure daga uwa, a haife shi ba ya ji. Gregor Mendel ne ya fara fito da wannan lissafi a 1866, daga gwaje-gwajen da ya yi da wani nau'in wake a lambun gidan ibadarsu.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata malami ya kiyaye. Ɗaya cikin huɗu ba yana nufin idan an haifi kurma ɗaya, uku masu zuwa za su tsira ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. A jefa sulalla biyu sama sau takwas a ga yadda abin yake: wani lokaci su faɗi a fuska ɗaya sau uku a jere, wani lokaci a daɗe ba su yi ba. Idan irin waɗannan ma'aurata suka haifi 'ya'ya huɗu, yiwuwar a ce duk suna ji ta kai kusan kashi 32 cikin ɗari. Idan suka haifi takwas, ta sauka zuwa kashi 10. Saboda haka a gidajen da ake haihuwa da yawa, kamar yadda aka saba a karkararmu, abin da ke ɓoye ya fi samun damar fitowa fili.

A ƙaddara wani magidanci a ɗaya daga cikin ƙauyukan Makoɗa yana da mata biyu. Uwargida 'yar ƙanen mahaifinsa ce, amarya kuwa daga wani gari aka auro ta, babu dangantaka. A ɗakin uwargida an sami yara biyu da ba sa ji a cikin bakwai, a ɗakin amarya duk biyar suna ji. Duk wanda ya dubi gidan nan zai ce ai magana ta fito, miji ɗaya ne, ɗaki ɗaya ne ke da matsala, saboda haka daga matar ne. Wannan hukunci kuskure ne. Yaran nan biyu kwafi ɗaya suka karɓa daga uwa, ɗaya daga uba, da babu na uban da suna ji. Abin da ya tsare ɗakin amarya shi ne ita ba ta ɗauke da irin kuskuren, amma a lissafi kimanin rabin 'ya'yanta suna ɗauke da shi daga wajen ubansu. Da za a saki uwargidan ta auri bare, mai yiwuwa ne ƙwarai ta haifi 'ya'ya masu ji duka, a lokacin kuma sai zancen mutane ya juya.

4.2 Auren Zumunci

Auren zumunci, wanda Bahaushe ke yi wa kirari da tuwona maina, tsohuwar al'ada ce mai dalilanta. Yana ƙarfafa zumunta, yana hana gonar gado rarrabuwa, iyaye kuma sun san gidan da 'yarsu za ta shiga. A wuri irin Makoɗa, inda gonaki suke manne da juna, kowane taƙi yana da mai shi, dalilin gona ba ƙarami ba ne. Addinin Musulunci ya halatta shi. Abin da ilimin gado yake faɗa game da shi bai wuce lissafi ba, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Auren zumunci ba ya ƙirƙirar kuskure a ƙwayar gado. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar haɗuwar kwafi biyu masu kuskure iri ɗaya, domin ma'auratan daga kaka ɗaya suka ɗebo. Idan mutum yana ɗauke da wani kuskure mai ɓuya, yiwuwar 'yar baffansa ko 'yar kawunsa tana ɗauke da shi ɗaya cikin takwas ce. A ninka da ɗaya cikin huɗu na kowane ciki, sai a sami ɗaya cikin 32. In kuwa bare ya aura, a ɗauka alal misali mutum ɗaya cikin ɗari ne yake ɗauke da wannan kuskure a cikin al'umma, to lissafin zai koma ɗaya cikin 400. Bambancin babba ne. Duk da haka, ko a lissafin farko, 31 cikin 32 suna ji. Shi ya sa mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu ƙalau, kuma duk wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce auren zumunci yana haifar da kurame, za a nuna masa gidaje goma da suka ƙaryata shi. Inda haɗarin yake taruwa shi ne zuriyar da aka yi ta maimaita auren a cikinta, kaka da kakanni, musamman idan an taɓa samun wanda aka haifa ba ya ji.

A watan Mayun 2024 gwamnatin Jihar Kano ta sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin nau'in jini saboda sikila. Dokar ta sa mutane sun saba da tunanin cewa lafiyayyu biyu suna iya ɗauke da abu a ɓoye. Sai dai a lura, gwajin AA da AS ƙwayar gado ɗaya tak yake dubawa, wadda ta shafi jini. Ba ya cewa komai game da kunne.

4.3 Sauran Hanyoyin Gado

Akwai gado mai rinjaye, inda kwafi ɗaya mai kuskure ya isa ya kawo larura. Shi ba ya ɓuya sosai: akan ga kaka da uba da ɗa a jere, kuma kowane ɗa yana da yiwuwar rabi da rabi. Sau da yawa irin wannan ba daga haihuwa yake farawa ba. Yaro yakan koyi magana daidai, sai a shekarun samartaka ko bayan haka ji ya riƙa raguwa sannu a hankali. Kimanin kashi 20 cikin ɗari ke nan. Akwai kuma nau'in da ke bin kuromosom ɗin X, wanda uwa ke ɗauke da shi ya bayyana ga 'ya'yanta maza, amma wannan kaɗan ne ƙwarai.

Nau'i na ƙarshe ƙarami ne a lissafi, amma ya cancanci a tsaya a kansa saboda yadda muke mu'amala da magani. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan sassa masu samar da ƙarfi, waɗanda suke da nasu ƙwayoyin gado daban, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsu. A 1993 aka gano wani kuskure a cikinsu wanda ke sa kunne ya kasa jure wasu allurai na kashe ƙwayoyin cuta, irin su jentamisin da sitireftomisin. Waɗannan magunguna suna iya taɓa kunnen kowa idan aka wuce ƙima, amma mai wannan gado yana iya kurumcewa ko da ƙimar da aka saba aka ba shi. Magunguna ne masu ceton rai idan likita ya ga dacewarsu. Matsalar ita ce yadda ake zuwa kemis a ce a yi wa yaro allura domin ta fi ƙwaya saurin aiki. Duk gidan da wani daga dangin uwa ya taɓa daina ji bayan allura, lallai ne a gaya wa likita kafin a rubuta magani.

4.4 Kurumta Mai Tafe da Wata Alama

Cikin nau'o'in da ke zuwa da alama, wanda ido ya fi saurin kamawa shi ne wanda likitan ido ɗan ƙasar Holan, Petrus Waardenburg, ya bayyana a 1951. Mai shi yakan kasance da farin gashi a goshi tun yana yaro, ko idanu shuɗɗa, ko ido ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, ko fararen tabo a fata. A cikin baƙar fata abin yana fitowa fili, har wasu su camfa yaron, alhali ƙwayoyin da ke ba fata da ido launi su ne kuma suke da aiki a cikin katantanwar kunne, rashinsu ne ya taɓa duka biyun. Akwai larurar Usher, inda yaro kurma yake fara dundumi, daga baya ganinsa ya riƙa ƙuntata. Malamin da ya ga ɗalibi kurma yana yawan tuntuɓe da magariba kada ya yi sakaci, domin wanda ido ne kunnensa, raunin gani ba ƙaramin al'amari ba ne gare shi. Akwai ta Pendred mai zuwa da maƙoƙo, ko da yake yawancin maƙoƙon da ake gani daga ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci. Akwai kuma ta Alport mai taɓa ƙoda.

5.0 Darasi daga Adamorobe

A 1997 masana suka gano cewa ƙwayar gado mai suna GJB2, wadda ke kan kuromosom na 13, tana da hannu a kurumtar gado. Aikinta shi ne ƙera wasu ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyin halittar katantanwa, waɗanda sinadarai ke bi su wuce. A Turai da ƙasashen bakin Bahar Rum ita ce kan gaba wajen haifar da kurumta mai ɓuya, har gwajinta ya zama abin da ake fara yi a asibitocinsu. A Afirka kudu da Sahara labarin ya bambanta. Wani bincike da likitocin Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu suka buga a 2014 ya nuna cewa kurakuran da aka saba gani a Turai ba kasafai ake samunsu ga kuramen Nijeriya ba, haka kuma aka gani a Kamaru da Afirka ta Kudu. Ma'ana, gwajin da aka tsara domin Bature yana iya fitowa babu komai ga yaron Kano, alhali kurumtarsa ta gado ce ta wata ƙwayar daban.

Ƙasar Gana ce ta fita daban. A can akwai wani ƙauye mai suna Adamorobe, a gindin tsaunukan Akuapem, ba nisa da Ankara babban birnin ƙasar, wanda ya shahara da yawan kurame tun zamani mai tsawo. Yawansu ya sa ƙauyen ya sami nasa harshen hannu, wanda masu ji da marasa ji suke amfani da shi a gona da kasuwa. A 1998 aka gano cewa wani kuskure guda a cikin GJB2, mai lamba R143W, shi ne sanadi. Tun kafin wannan, a 1975, sarkin garin ya hana kurma auren kurma da nufin rage haihuwar kurame. Annelies Kusters, mai bincike wadda ita ma kurma ce, ta zauna a garin ta kuma rubuta littafi a kansa a 2015, inda ta nuna irin ƙuncin da dokar ta jawo, musamman ga maza kurame waɗanda da yawansu suka rasa matan aure.

Irin wannan tunani ba a Gana ya fara ba. A 1883 Alexander Graham Bell, wanda aka fi sani da ƙirƙiro wayar tarho, ya gabatar da takarda a Amurka yana gargaɗi game da auratayya tsakanin kurame. Abin da lissafin gado ya nuna daga baya shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne. Mafi yawan kwafin da ke da kuskure yana jikin masu ji waɗanda ba su san suna ɗauke da shi ba, saboda haka hana kurame aure ba ya kawar da shi daga al'umma. A Adamorobe, da yake kuskuren iri ɗaya ne ga kowa, kurma da kurma sukan haifi kurame. A wurin da dalilai suka bambanta kuwa, kamar a ce miji sanƙarau ne ya kurumtar da shi, ko kuma kowannensu ƙwayar da ta sami kuskure daban ce, 'ya'yansu sukan zo suna ji. Wannan shi ne abin da aka fi gani.

6.0 Kurma, Bebe da Harshe

Hausa tana da kalmomi biyu, kurma da bebe, kuma akan haɗa su ga mutum ɗaya. Haɗin yana sa a zaci matsalar a baki take, har a kai yaro wurin wanzami a duba ƙarƙashin harshensa. A gaskiya harshen yaron da maƙogwaronsa lafiyarsu lau. Bai yi magana ba ne saboda bai taɓa jin ta ba. Abin da ke ƙara ruɗa iyaye shi ne jariri kurma yana kuka yana dariya, yana ma fitar da sautuka a watannin farko kamar kowane jariri. Sai daga baya, lokacin da sa'o'insa suke gwaranci suna kwaikwayon baba da mama, shi nasa ya tsaya. Akan ce nauyin baki ne, zai yi, a haka shekara uku ko huɗu su wuce. Wanda jinsa ya ragu kawai, bai ɗauke duka ba, shi kuma yakan isa makaranta a riƙa ce masa mai kunnen ƙashi, ana dukansa a kan abin da bai ji ba.

Shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, kuma ba ta damu da ta kunne ya shigo ko ta ido ba. Yaro kurma da ya tashi a hannun iyaye kurame yana koyon maganar hannu a kan lokaci, daidai da yadda mai ji ke koyon ta baki. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya tashi a gidan masu ji, babu mai yi masa magana ta hanyar da zai gane. Maganar hannu ta ƙasar Hausa harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Constanze Schmaling, Bajamushiya masaniyar harshe, ta yi nazarinta a Kano ta kuma buga littafi a kanta a 2000. A makarantun kurame kuwa, irin ta Tudun Maliki a Kano, an fi amfani da tsarin da ya samo asali daga na Amurka, wanda Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kuma kurma, ya shigo da shi ta makarantar da ya buɗe a Ibadan a 1960. Malamin Hausa ya kamata ya san cewa biyun nan ba abu ɗaya ba ne.

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Malami ba likita ba ne, kuma ba aikinsa ne ya yanke hukunci a kan auren kowa ba. Abin da zai iya shi ne ya lura, ya tambaya cikin ladabi, ya nuna hanya. Idan ya ga yaro yana kafe bakin mai magana da ido, ko yana juyo da kunne ɗaya, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi ta baya, sai ya matso da shi gaba, ya riƙa fuskantarsa yayin magana, kada ya yi bayani yana kallon allo. Sannan ya sami mahaifin a keɓe, ba a gaban mutane ba. Tambayoyin da ke da amfani kaɗan ne: ko yaron ya taɓa magana ya daina, ko ya yi zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko an yi masa allurai masu yawa, ko akwai wani a dangin uba ko na uwa da aka haifa haka. A ambaci ɓangarorin biyu tare, da gangan, domin yadda aka yi tambayar ma darasi ne.

Daga nan sai asibiti. Mutumin Makoɗa yakan fara da asibitin da ke kusa, kamar na Ɗambatta, daga can a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Na'urar ƙara ji tana taimakon wanda yake da sauran ji. Akwai kuma na'urar da ake dasawa a cikin katantanwa ta hanyar tiyata, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyalai. A farkon 2024 likitoci a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka ba da rahoton cewa yara biyar cikin shida sun fara ji bayan an sanya musu lafiyayyen kwafin ƙwayar gado mai suna OTOF a cikin kunne. Ci gaba ne babba, amma ƙwaya ɗaya ce cikin fiye da 120, kada malami ya ɗora wa iyaye burin da ba zai cika ba.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙannen da ba a haifa ba tukuna. Gidan da aka sami yaro ɗaya da aka haifa ba ya ji, ba tare da wata cuta da aka sani ba, ya kamata duk jaririn da ya biyo baya a gwada kunnensa ba tare da jiran ya kai lokacin magana ba. Gwajin ba ya ciwo, ana yin sa jariri yana barci, cikin 'yan mintuna. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa ita ce a yi gwajin farko kafin wata ɗaya, a tabbatar da sakamako kafin wata uku, a fara taimaka wa yaron kafin wata shida, ko da na'ura ko da maganar hannu ko da duka biyun.